Yadda Ake Gyara Ruwan Sha a Gida, Daga Jarkar Ɗan Garuwa Zuwa Randa

Wanda ya taɓa zama a Bolari ko Pantami a tsakiyar damina ya san irin ruwan da ɗan garuwa kan turo wata ranar, jajawur kamar an dama koko. Famfo ya ɗauke, rijiyar unguwa ta sha kwararar sama, kai kuma ga girki ga yara. A gidanmu Goggo ce mai randa, kuma maganinta ɗaya ne, alif. Ta jefa gutsure, ta juya da muciya, bayan awa guda ruwa ya yi garai-garai. Ranar da na ce mata, "Goggo, ai da sauran aiki a ruwan nan," sai ta ɗaga moɗa ta nuna min, ta ce, "Ɗan nan, dubi fa. Me kuma ya rage?" Abin da ya rage shi ne abin da ido ba ya gani, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ruwa kaya iri uku yake ɗauka. Akwai wanda ke yawo a cikinsa bai narke ba, kamar laka da ƙura da ɓurɓushin ganye. Akwai wanda ya narke ya ɓace, kamar gishiri da kanwa da farar ƙasa. Akwai kuma mai rai, wato ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsa. Kowane da maganinsa, kuma maganin wani ba ya gama aikin wani. Alif na kayan farko ne. Tafasa ta kaya na uku ce. Na biyun nan kuwa shi ne mai taurin kai, za mu zo kansa daga baya.

Ka fara ganin halinsa da idonka

Kafin ka taɓa jarka, ɗauki kofin gilashi 4 ka cika da ruwa. Zuba cokalin yashi a na farko, gishiri a na biyu, man gyaɗa a na uku, dakakken yumɓu a na huɗu. Juya kowane, ka koma gefe. Yashi zai faɗa ƙasa kafin ka ajiye cokali. Gishiri zai ɓace. Mai zai taso sama ya yi kwanciyarsa. Yumɓu kuwa zai bar ruwan a dame har gobe da safe, wani ma har jibi.

Dalili yana cikin ginin ruwan kansa. Kowace ƙwayar ruwa haɗi ce ta haidirojin 2 da oksijin 1, kuma tana da kai da gindi kamar batir: gefe ɗaya cajinsa daban, ɗaya gefen daban. Da waɗannan gefuna take fizgar gishiri ƙwaya-ƙwaya har ya watse a cikinta. Lita ɗaya ta ruwa tana iya shanye kusan giram 360 na gishiri kafin ta ƙoshi. Mai ba shi da irin wannan kai da gindin, ruwa ba shi da inda zai kama shi, ga shi kuma ya fi ruwa sauƙi: lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, ta man gyaɗa kuwa wajen giram 910 zuwa 920. Shi ya sa yake hawa sama. Ka riƙe wannan lissafin na kilo, don ka san jarkar lita 25 da ake ɗora wa yarinya 'yar shekara goma a ka kilo 25 ce cif.

Yumɓu labarinsa daban. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, kuma duk caji iri ɗaya suke ɗauke da shi, sai suna ture juna kamar kishiyoyi, babu mai yarda ta matso kusa da wata. Tunda ba su haɗu sun yi nauyi ba, ba za su nutse ba. Wannan kofi na huɗu shi ne jarkarka ta damina.

Mataki na farko: mazubi

Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir ko maganin feshin gona ta gama aikin ruwan sha har abada. Roba tana tsotse irin waɗannan a jikinta, ta riƙa sakinsu kaɗan-kaɗan, ko an wanke da omo sau goma. Ta man gyaɗa ko manja tana wankuwa da ruwan zafi da sabulu, domin sabulu ɗan tsakani ne: gefensa ɗaya yana kama mai, ɗayan yana kama ruwa, sai ya ja man ya fita da shi. Durom na ƙarfe yana tsatsa idan ruwa da iska suka haɗu a kansa. Tankin roba fari ko mai barin haske ya shiga yana haifar da gansakuka, shi ya sa baƙi ko mai kauri ya fi. Sabon tankin siminti kuma a cika shi a zubar sau biyu ko uku kafin a fara sha, saboda sabon siminti yana sakin ɗacinsa a ruwa.

Ka tanadi bokiti 2 masu murfi, ƙyalle mai tsabta, da muciya ko sanda da ba a komai da ita sai wannan aiki.

Mataki na biyu: san irin ruwan da aka kawo maka

Malaman fiƙihu sun koya mana duba abu uku a ruwan alwala: launi, ɗanɗano da wari. Ka fara da su, amma ka sani wannan ma'aunin tsarki ne. Ruwa yana iya cin wannan jarrabawa ya yi alwala lafiya lau, alhali yana ɗauke da ƙwayar kwalara ko taifot.

Ƙara gwaji biyu. Ɗebi rabin kwalba, ka kankare ɗan sabulun wanki a ciki, ka girgiza. Idan kumfa ta tashi ta tsaya, ruwan mai laushi ne. Idan ta ƙi tashi, sai wani farin dusa-dusa yana yawo, ruwan yana da nauyin farar ƙasa. Na biyu, bar wani a buɗaɗɗen kofi ya kwana. Ruwan wasu burtsatse yana fitowa fari tas, da safe a tarar ya koma ja da jan abu kwance a ƙasa. Ba aljani ba ne, ƙarfe ne narkakke da ya haɗu da iska ya yi tsatsa. Irin wannan ruwan sauƙin gyara gare shi: sheƙa shi daga bokiti zuwa bokiti sau da yawa ya sha iska, a bar shi ya kwana, a tsiyaye.

Ka kuma tambayi ɗan garuwa inda ya ɗebo. Ba rashin kunya ba ne. Rijiyar da ke dab da masai abin gudu ce, musamman a ƙasa mai yashi inda ruwa ke ratsawa da sauri. Ma'aikatan lafiya kan ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai.

Mataki na uku: ƙyalle

Ninka tsohon farin ƙyallen auduga gida 4 ko 8, ka ɗaure a bakin bokiti, ka zuba ruwan a hankali. Tsohon da ya sha wanki ya fi sabo, saboda zarensa ya saki ya toshe ramukan saƙa. Kada ka raina wannan mataki. Da irin wannan tacewar, haɗe da gyaran tafkuna da haƙa burtsatse, aka kori kurkunu daga Najeriya, yaƙin da Janar Yakubu Gowon ya yi ta shiga ƙauyuka a kansa tare da cibiyar Jimmy Carter, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ƙasar ta rabu da cutar. Tsutsar tana ɓuya ne a cikin wasu ƙananan ƙwarin ruwa, ƙyalle kuma yana tare su. A Bangaladesh ma an gwada ninkakken zanen mata, kwalara ta ragu da kusan rabi a ƙauyukan da suka riƙe abin.

Bayan an gama a wanke ƙyallen a shanya a rana. Kuma a riƙa sanin fuskar da ke sama, kada gobe a juya ta ƙasa a mayar da dattin jiya.

Mataki na huɗu: kwantar da laka

Nan ne aikin Goggo, kuma nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai.

Alif, wanda wasu ke kira alam, idan ya narke yana sakin caji kishiyar na yumɓu. Sai ture-turen nan ya mutu, ƙwayoyin laka su fara manne wa juna, su zama curi-curi kamar auduga, su yi nauyi su faɗi. Matatun ruwa na birane, irin wadda ke tace ruwan madatsar Dadin Kowa zuwa Gombe ko ta madatsar Gubi zuwa Bauchi, a kan wannan tsari aikinsu yake: a haɗe laka, a kwantar, a tace ta yashi, a sa kilorin. Abin da za ka yi a bokiti ƙaramin wancan ne.

Kuskure na farko yawan alif. Mutane suna ganin idan an ƙara zai fi aiki, alhali idan ya wuce kima ruwan yakan yi bauri yana ɗaure baki, wani lokaci ma lakar ta ƙi kwanciya. Gutsure kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya ya isa farawa ga jarkar lita 25. Daka shi, ka narkar a kofin ruwa tukuna, kada ka jefa dunƙule. Idan kana so ka gane daidai adadin da ruwan unguwarku ke buƙata, cika kwalba 3 da shi, ka sa cokali ɗaya na narkakken alif a ta farko, biyu a ta biyu, uku a ta uku. Wadda ta washe da mafi ƙarancin alif ita ce ma'auninka. Ruwan Agusta da na Maris ba za su ci alif ɗaya ba, sai ka sake gwadawa idan yanayi ya juya.

Kuskure na biyu juyi. Juyi biyu ne, kuma ba iri ɗaya ba. Da ka zuba alif, juya da ƙarfi kamar minti 1 don ya game ko'ina. Daga nan sassauta hannu, ka riƙa juyawa sannu-sannu kamar mai gudun tada jariri, na minti 5. A wannan juyin na biyu ne curin ke haɗuwa. Idan ka ci gaba da bugu da ƙarfi, kana farfasa abin da kake so ya dunƙule. Sai ka rufe, ka bar shi awa 1 zuwa 2 ba mai taɓa bokitin. A gidan da ke da yara, ɗora shi inda ƙafa ba ta bi.

Idan babu alif, ko ba ka son baurinsa, je gindin zogale. Nemi kwanson da ya bushe a bisa itace, ka ɓare, ka cire fukafukan da baƙin ɓawon, ka bar farar ƙwayar. Ƙwaya ɗaya ga lita 1 idan ruwan ya yi kauri da laka, ɗaya ga lita 2 idan da dama-dama. Daka su lukui, ka zuba garin a ƙaramar kwalba da ɗan ruwa mai kyau, ka girgiza sosai na wasu mintoci har ya yi fari kamar madara, ka tace ta ƙyalle zuwa cikin bokiti. Juyi iri ɗaya ne da na alif. Ƙwayar zogale tana da wani sinadarin furotin mai irin cajin da ke jan laka. Ni na fi son ta a ruwan sha don ba ta canza ɗanɗano, amma tana da sharaɗi biyu: a haɗa sabo kullum, kuma kada ruwan ya daɗe a ajiye ba a tafasa ko an sa kilorin ba, domin ragowar garin abinci ne ga ƙwayoyin cuta.

Wanda ba shi da ko ɗaya, haƙuri ma magani ne. Ruwan da ya kwana biyu a rufe yakan sauke mafi yawan kayansa, kuma tsutsar tsargiya da ke cikin ruwan tafki da na bakin madatsa ba ta wuce kamar awa 48 a raye idan ba ta sami jikin mutum ba. Mutanen da ke ɗiba kai tsaye daga kogin Gongola su riƙe wannan, har ga ruwan wanka.

Mataki na biyar: tsiyaya

Karkata bokitin a hankali zuwa na biyu, ka tsaya tun kafin lakar ƙasa ta motsa. Gara ka yi asarar lita 2 da ka ɓata aikin awa biyu. Wanda ya fi iyawa yakan sa guntun tiyo, bakinsa ɗaya a saman ruwan, ɗayan a bokitin da ke ƙasa, ruwan ya gangaro da kansa. Cika tiyon da ruwa ka toshe da yatsa kafin ka sa, kada ka zuƙa da baki. Lakar da ta rage a zubar a rami ko makwarara, ba inda kaji ke sha ba.

Mai son ƙarin aiki yana iya haɗa matacin yashi: bokiti mai famfo a gindi, tsakuwa a ƙasa, yashi mai gwaɓi a kanta, sannan lallausan yashi mai kauri a sama, duk a wanke su har ruwan wankin ya fita fari. Wasu kan sa dakakken gawayi a tsakani, yana rage wari saboda jikinsa duk ƙananan ramuka ne da ke riƙe abin da ke kawo warin. Amma ka ji gaskiya: matacin da ba a kula da shi gidan ƙwayoyin cuta ne, kuma gawayin da ya ƙoshi ba ya ƙara ɗaukar komai. Idan ka san ba za ka iya ɗawainiyarsa ba, tsallake shi.

Mataki na shida: kashe abin da ido ba ya gani

Yanzu ruwanka ya yi kyau a ido, inda Goggo ke tsayawa ke nan. Lakar da ta kwanta ta tafi da ƙwayoyin cuta da yawa, amma ba duka ba, kuma na kwalara ko taifot ba sa buƙatar yawa a cikin ƙaramin yaro. Hanya uku ce, zaɓi wadda aljihunka da lokacinka suka ɗauka.

Tafasa ta fi kowace tabbas. Ba ɗumi ba, ba ƙananan kumfan da ke manne a gindin tukunya ba. Waɗannan iska ce kawai ke fita. Sai ruwan yana tafarfasa yana juyawa, ka ƙirga minti 1 cur. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100. A Bauchi da ke kan tudu, wajen mita 600 sama da teku, yana tafasa a kusan 98, wanda ya isa ya yi aikin har da rara. Bar shi ya huce a tukunyar da murfinta. Idan ya yi lami a baki, iskar cikinsa ce ta fita. Girgiza shi a rufaffiyar jarka mai tsabta, ɗanɗanon zai dawo. Matsalarta ɗaya, itace da gawayi da gas sun yi tsada, kuma ruwa abu ne mai wuyar ɗaukar zafi, shi ya sa tukunya kan yi zafi tun ruwan cikinta bai ko motsa ba. Idan ba za a iya tafasa na kowa ba, a tafasa na jarirai da masu ciki da tsofaffi.

Kilorin ya fi arha. Ana samunsa na ruwa kamar WaterGuard, ko ƙwaya kamar Aquatabs, a kemis. Bi ma'aunin da ke jikin kwalba ko takardar, kada ka yi na ido, ka girgiza, ka jira minti 30 kafin kowa ya sha. Ɗan warinsa da kake ji alama ce yana nan yana gadi, don shi kaɗai ne a cikin hanyoyin nan ke ci gaba da tsare ruwan bayan an gama. Ga dalilin da ya sa na ce sai an bi tsari: idan ka zuba kilorin a ruwa mai laka, dattin ne zai cinye shi, ƙwayoyin cutar kuma su ɓuya a cikin curin laka. Sai an washe, sannan a kashe.

Ta uku rana ce, kuma Allah ya hore mana ita. Nemi farar gorar roba garai-garai, irin ta ruwan gora ko ta lemo, wadda ba ta wuce lita 2 ba, ka cire takardar jikinta. Cika ta, ka rufe, ka kwantar a kan kwanon rufi awa 6 a rana mai ƙarfi. Idan akwai hadari ko ƙurar hunturu ta rufe sama, kwana 2. Hasken rana mai ƙona fata da zafin kwano su ke aikin. Gora mai launi ko wadda ta dushe da karce ba ta yi. Gwajin ko ruwan ya washe yadda ya kamata: tsayar da cikakkiyar gorar a kan babban rubutun jarida, ka leƙa ta baki. Idan kana karanta haruffan, bismilla.

Mataki na bakwai: randa

Firji bai kashe randa ba, ko don halin wutar lantarki. Jikin randa yumɓu ne gasasshe mai ƙananan ƙofofi, ruwa yana naso ta cikinsu zuwa waje, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani ko danshi ke hawa gindin katanga da damina. Da ya fito sai iska ta kwashe shi, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi mai yawa, sama da kalori 500 ga kowane giram. A jikin randar da ruwan cikinta yake ɗibar zafin. Aikin gumi ke nan a jikin mutum. Shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi a hunturu da bazara lokacin da iska ta bushe, da damina kuwa sai a hankali, don iskar ta riga ta ƙoshi da danshi. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000.

Saboda haka kada ka shafe randa da fenti ko siminti don ta daina naso. Ka kashe sanyin ke nan. Girke ta a inuwa inda iska ke wucewa, a kan jiƙaƙƙen yashi. Sabuwa a cika ta a zubar na 'yan kwanaki har warin ƙasa ya ragu, ko da yake wasunmu wannan ƙamshin muke nema.

Inda randa ke cin amana shi ne bakinta. Moɗa ɗaya, hannu goma: yaro ya fito daga bayi ya tsoma har wuyan hannu, duk wahalar tafasa ta tashi a banza. Sa ludayi mai dogon hannu, a rataye shi a ƙusa, a ɗiba a zuba a kofi, kada a sha da shi. Wanda ya sami randa mai ƙaramin baki ko wadda aka sa wa famfo a gindi ya huta. Murfi kuma dole ne. Saman ruwa yana da wata 'yar fata da ƙwayoyinsa ke yi saboda riƙon da suke wa juna, har allura takan kwanta a kai idan aka ɗora ta a hankali. A jikin wannan fatar tsutsar sauro ke rataya tana shaƙar iska, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi abin bai fi mako ɗaya zuwa kwana 10 ba a lokacin zafi. A juye randa a goge cikinta duk mako, da sabon soso da ruwan zafi. Ban da omo, don yumɓu yana shanye shi ya riƙa mayar maka a ruwa.

Kayan da ya narke

Ban da ƙarfen nan da iska ke mayarwa tsatsa, yawancin abin da muka yi a sama bai taɓa narkakken kaya ba. Ƙyalle ba ya tare shi, alif ɗin bokiti ba don shi aka sa shi ba, tafasa kuwa ruwan take ragewa ta bar gishirin. Ruwan zartsi ko ka tafasa shi sau bakwai zartsinsa ƙaruwa zai yi.

Ruwa mai nauyin farar ƙasa ba abin tsoro ba ne a sha. Yana samuwa inda ruwa ya ratsa dutsen farar ƙasa, irin wanda ya sa aka kafa kamfanin siminti a Ashaka. Ɓarnarsa a sabulu take da butar shayi: yana cinye sabulu, yana barin farin ɓawo a gindin buta. Ɓawon yana fita idan aka tafasa ruwan lemon tsami ko na tsamiya a ciki, domin tsami yana narkar da farar ƙasa. Don wanki kuma, jiƙa 'yar kanwa ka zuba ruwanta a bahon kafin sabulu, ka ga yadda kumfa za ta tashi. Wannan na wanki ne kawai, ba na randa ba.

Wanda ya fi damuna shi ne wani narkakken sinadari mai suna fuloraid. A wasu yankunan kudancin Gombe, musamman wajen Kaltungo, ruwan ƙasa yana ɗauko shi daga duwatsu, kuma shi ke sa haƙoran mutane su yi ja ko ruwan ƙasa tun suna yara, ba goro ba, ba rashin asuwaki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 a kowace lita. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano; sai an kai ruwan ɗakin gwaji ake sanin yawansa. Idan yaran unguwa duk haƙoransu sun rine, a haɗa kuɗi a kai ruwan burtsatsen a auna. Tabon yana kama haƙori ne lokacin da yake ginuwa a cikin dasashi, daga haihuwa zuwa wajen shekara 8, don haka ruwan da ya fi kyau a gida na ƙananan yara ne.

Mafi sauƙin samu a irin wannan wuri ruwan sama ne, tunda tururi ne ya tashi ya bar duk gishirinsa a ƙasa. A tara daga kwanon rufi, ba daga jinka ba, don ciyawa tana rina shi. Ruwan farkon damina a bar shi ya wanke ƙurar rani da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru. Bayan haka ma, duk ranar da aka fara ruwa, kawar da durom daga ƙarƙashin indararo na mintocin farko har sai abin da ke zubowa ya yi fari, sannan ka tura shi, ka ɗaura ƙyalle a baki. Idan ya cika ka rufe, ka sa masa kilorin gwargwadon litocinsa, ka ware shi don sha da kunun yara. Wanki da wanka da wanke-wanke a ci gaba da yi da na burtsatse.